Likitan da ya gano maɓoyar ƙarambau

1. Garwashi cikin toka

Da dare, in an gama tuwo, uwargida ba ta kashe wuta duka. Takan rufe garwashi da toka, ta je ta kwanta. Da asuba ba hayaƙi, ba harshen wuta. Wanda bai sani ba sai ya ce wuta ta mutu. Amma in ta tone tokar, ta sa ƴan kirare, ta hura, sai wuta ta tashi. Ba ta je maƙwabta ɗibar wuta ba. Wutar jiya ce ta kwana.

Akwai ƙwayoyin cuta masu irin wannan hali. Mutum ya yi ciwo yana yaro, ya warke, kowa ya manta. Ashe ƙwayar tana nan kwance cikin jikinsa. Bayan shekara 40 ko 60 sai ta farka, ta fito da wata kama dabam. A cikin wannan darasi za mu ga ɗaya daga cikinsu, mu kuma karanta tarihin likitan da ya gane maɓoyarta.

2. Ƙarambau

Wa ya taɓa yin ƙarambau a cikinku? In malam ya ce a ɗaga hannu, za ku ga hannuwa da yawa. Ƙarambau galibi ciwon yara ne. Yakan fara da ƴar masassara da kasala. Daga nan ƙuraje masu ruwa su feso a ƙirji, da baya, da ciki, da fuska, har cikin gashin kai. Suna da ƙaiƙayi ƙwarai. Bayan kamar mako guda sai su bushe, su yi ɓawo, ɓawon ya zube.

Abin da ke kawo shi wata ƙwayar cuta ce daga cikin waɗanda ake kira birus. Ƙanƙanuwa ce ƙwarai: sai an jera wajen 5000 kafin su cika milimita guda. Tana bin iska daga numfashin mai ciwo, tana kuma cikin ruwan ƙurajen. In ta shiga jikin yaro, takan yi kwana 10 zuwa 21 kafin ciwon ya bayyana, amma galibi mako biyu ne. Wanda ya yi ƙarambau sau ɗaya, da wuya ya sake yi.

Kada ku haɗa ƙarambau da agana. Kakanninku sun san agana, wadda ta kashe mutane da yawa, ta makantar da wasu, ta bar wa wasu zanzana a fuska. A 1967 aka soma babban aikin yi wa mutane lamba a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijar. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa agana ta ƙare a duniya. Ƙarambau kuwa yana nan. Nan gaba za mu ga dalili.

3. Zona

Akwai wani ciwon fata wanda ya fi kama manya, musamman tsofaffi. Likitocin ƙasarmu suna kiransa zona. Asalin kalmar daga harshen Girkawa ne, ma'anarta ɗamara.

Ga yadda yake zuwa. Mutum ya fara jin zafi, ko suka, ko zugi a wuri guda, a haƙarƙari ko a goshi, alhali ba a ganin komi. Bayan kwana biyu ko uku sai ƙuraje masu ruwa su fito a jere, kamar an ɗaura masa rabin ɗamara. Sukan taso daga tsakiyar baya, su zagayo ta gefe guda, su tsaya a tsakiyar ƙirji ko ciki. Ba su ƙetarawa ɗaya gefen. Ƙurajen sukan warke cikin mako 2 zuwa 4. Amma ga wasu tsofaffi zafin ba ya tafiya tare da ƙurajen. Yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, har taɓawar riga ma ba su iya jurewa.

Da yake ciwon yana zuwa farat ɗaya, kuma a gefe guda, wasu sukan ce jifa ne, ko sammu, ko wani ƙwaro ne ya bi jikin mutum da dare. Ba ko ɗaya daga ciki.

4. Tambayar da ta dami likitoci

A ce a wani gida nan Ingal kaka ta yi zona. Ba wanda ke ƙarambau a unguwar duka. Bayan mako biyu sai jikanta, wanda ke kwana ɗakinta, ya yi ƙarambau. Daga ina ya samo shi? Ita kakar kuma, wa ya sa mata nata ciwon?

Likitoci sun daɗe suna ganin irin wannan. A 1892 wani likitan yara mai suna Bokay, a birnin Budapest na ƙasar Hungari, ya rubuta labarin yaran da suka yi ƙarambau bayan sun zauna da mai zona. Amma gardama ba ta ƙare ba. Wasu suka ce ƙwayoyi biyu ne masu kama da juna. Wasu suka ce ƙwaya ɗaya ce. Ko cikin masu cewa ɗaya ce, da yawa suna zaton tsoho yana ɗaukar zona daga wurin wani, kamar yadda ake ɗaukar mura. Wasu ƙalilan sun yi zaton ƙwayar tana ɓuya cikin jiki, amma ba su da isasshiyar hujja.

5. Likitan kowa da kowa

An haifi Edgar Hope-Simpson a Ingila a 1908. Ya yi karatun likita a asibitin Saint Thomas da ke Landan, ya gama a 1932. Bai zauna babban birni ba. Ya tafi wani ƙaramin gari mai suna Beaminster, cikin ƙasar manoma, ya zama likitan kowa da kowa. Yana duba yaro da babba, yana bin marasa lafiya har gida.

A 1939 wani likitan ƙauye mai suna William Pickles ya buga littafi. A ciki ya nuna cewa likitan ƙauye yana da abin da likitan birni ba shi da shi. Ya san kowa, ya san gidan kowa, ya san wa ya ziyarci wa, da ranar da ya je. Saboda haka yana iya bin sawun cuta kamar yadda makiyayi ke bin sawun raƙumin da ya ɓata. Hope-Simpson ya ɗauki wannan hanya, bai sake ta ba har ƙarshen ransa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya koma garin Cirencester, wanda ake faɗin sunansa Sairansesta. A 1947 ya mai da wani sashe na gidan da yake duba marasa lafiya wurin bincike. Mutanen da ke hannunsa wajen 3500 ne. Duk wanda ya zo da ciwo mai yaɗuwa sai a rubuta shekarunsa, da gidansu, da ranar da ciwon ya fara, da waɗanda yake zaune da su. Ba a tsallake kowa.

A 1952 ya buga sakamakon ƙidayarsa a kan cututtukan yara guda uku. In ƙyanda ta shiga gida, cikin yara 100 da ba su taɓa yin ta ba wajen 76 ne ke kamuwa. In ƙarambau ne, wajen 61. In hangum ne, wajen 31. Har yau likitoci suna ambaton waɗannan alƙaluma.

6. Tafiya tsibirin Yell

A gari mai jama'a da wuya a san inda mutum ya ɗauko ciwo, don kowa yana cuɗanya da kowa: kasuwa, makaranta, tashar mota. Likitan yana bukatar wuri keɓaɓɓe, inda za a iya sanin duk wanda ya shiga da wanda ya fita.

A 1953 ya ɗauki ƴan abokan aikinsa suka tafi Yell, wani tsibiri can arewa da ƙasar Sikotilan. Mutanen tsibirin ba su kai 2000 ba, kuma da jirgin ruwa ake shiga. Suka bi gida gida suna tambaya: wa ya yi ƙarambau? Yaushe? Wa ya yi zona? Wa ya zauna kusa da shi? Mutanen wurin suna da riƙon abin da ya wuce, kamar yadda tsofaffinmu ke riƙe shekaru da abin da ya faru cikinsu: shekarar fari kaza, shekarar da aka haƙa rijiya kaza. Wannan ya taimake shi ƙwarai.

A 1954 ya buga abin da ya samu. Ƙarambau ɗin da yaro ya ɗauka wurin mai zona ba shi da bambanci da wanda ya ɗauka wurin wani yaro.

A daidai wannan lokaci, a Amurka, wani masani mai suna Thomas Weller ya samu dabarar renon ƙwayar cikin kwalba a ɗakin bincike. Ya ɗebi ruwan ƙurajen ƙarambau, ya ɗebi na zona, ya rene su dabam dabam. Tsakanin 1953 da 1958 ya nuna cewa ba a iya bambanta su. To, rabin tambaya ya samu amsa: ƙwaya ɗaya ce. Saura rabi. Ina tsoho ke samo ta?

7. Shekara 16 ana ƙidaya

Likitan ya ci gaba da rubutu. Daga 1947 zuwa 1962, shekara 16 ke nan, ya ga zona sau 192 cikin mutanensa. Ya zauna ya duba abin da ya rubuta, ya ga abubuwa uku.

Na farko: ƙarambau yana da lokacinsa. Yakan zo ya cika makaranta, sannan ya yi shiru. Zona kuwa ba shi da lokaci. Ana ganinsa rani da damina, bana da baɗi, kaɗan kaɗan. Shekarar da ƙarambau ya yi yawa, zona bai ƙaru ba. Da ɗaukarsa ake yi wurin yara, ai da ya ƙaru.

Na biyu: zona yana bin shekaru. Cikin yara 1000 ƴan ƙasa da shekara 10, ko ɗaya bai cika ba a shekara. Cikin tsofaffi 1000 da suka wuce shekara 80, wajen 10 ne ke yi kowace shekara. Ya lissafa cewa in mutum 1000 suka kai shekara 85, rabinsu sun taɓa yin zona.

Na uku: zona ya fi fitowa a gangar jiki da fuska. Nan ne kuma ƙurajen ƙarambau suka fi yawa. Ke nan ciwon tsufa yana komawa inda ciwon ƙuruciya ya fi yin zango.

Akwai wani abu kuma da aka sani tun 1900. A shekarar, likitoci biyu a Landan, Henry Head da Alfred Campbell, suka binciki gawawwakin mutanen da suka taɓa yin zona. Suka tarar da tabon ciwon can ciki, a gindin jijiya, kusa da ƙashin baya.

8. Maɓoyar ƙwayar

Ku tsunkuli hannunku. Me ya gaya muku da zafi? Jijiya ce. Ba jijiyar jini muke nufi ba. Akwai waɗansu jijiyoyi farare kamar zare, masu kai saƙo daga fata zuwa laka, daga laka zuwa ƙwaƙwalwa. Guda 31 suke fita daga laka ta dama, 31 ta hagu. Kowace tana da nata yanki na fata, kamar yadda kowane fangali a lambu ke da tasa hanyar ruwa. Kusa da ƙashin baya, a gindin jijiyar, akwai wani ɗan ƙulli. Jijiyar fuska ma tana da nata ƙulli cikin ƙoƙon kai.

A 1965 aka buga bayanin Likita Hope-Simpson. Ga abin da ya ce a taƙaice:

Lokacin da yaro ke ƙarambau, ƙwayar takan bi jijiya daga ƙurajen fata har zuwa ƙullin nan. Jiki yana da garkuwa, wato abubuwa cikin jini masu yaƙi da cuta. Garkuwar takan share ƙwayar daga fata da jini, yaro ya warke. Amma wadda ta shige ƙullin jijiya sai ta lafe. Ba ta hayayyafa, ba ta sa ciwo. Muddin garkuwa tana da ƙarfi, in ƙwayar ta motsa sai a danne ta, mutum bai ma sani ba. Da tsufa garkuwa takan yi rauni. Ran nan sai ƙwayar ta farka cikin ƙulli guda, ta hayayyafa, ta ji wa jijiyar ciwo. Shi ne zafin da ake ji kafin a ga komi. Sannan ta gangaro ta hanyar da ta hau, ta fito a yankin fatar wannan jijiya kaɗai. Shi ya sa zona ke tsayawa gefe guda.

Ya kuma yi zaton cewa in babba ya zauna kusa da yaro mai ƙarambau, garkuwarsa takan ƙara ƙarfi, kamar mai gadin da aka tayar daga gyangyaɗi. Masana suna kan auna girman wannan taimako har yanzu.

Yanzu kun iya amsa tambayar gidan nan na Ingal. Ba wanda ya sa wa kaka ciwo. Ƙarambau ɗin da ta yi tana yarinya ne ya farka. Jikanta kuma daga ruwan ƙurajenta ya ɗauki ƙwayar. Da yake bai taɓa yi ba, sai ta fito masa a matsayin ƙarambau.

9. Ƙaramin zango, babban gari

Likitan ya lura da wani abu da ya shafe mu a nan. Ku yi tunanin zangon makiyaya can cikin daji, mai mutum 50. In ƙyanda ta shiga, sai ta kama duk wanda bai taɓa yi ba kuma bai yi allura ba. Bayan haka ba ta da wurin zuwa, sai ta mutu. Ba za ta komo ba sai wani ya kawo ta daga nesa, misali lokacin lasar gishiri, ƙarshen damina, da Abzinawa da Fulani ke taruwa da dabbobinsu kewayen Ingal. Masana sun lissafa cewa ƙyanda ba ta dawwama wuri guda sai jama'a ta kai wajen dubu 250 ko fiye.

Ƙarambau ba ya bukatar taro. Ko zangon ya yi shekara 30 ba wanda ya yi shi, ƙwayar tana nan cikin jijiyoyin manya. Wata rana wani tsoho ya yi zona, yaran da aka haifa daga baya su yi ƙarambau, su ma su ajiye ta don gaba. Kamar irin ƙarangiya ne: yana kwance cikin yashi duk rani, ruwa na sauka ya tsiro.

Ga dalilin da ya sa aka iya gamawa da agana. Ƙwayar agana ba ta da maɓoya. In mai ciwo ya warke, ta bar jikinsa ke nan. Da aka tare mata hanya da lamba, sai ta ƙare. Ta ƙarambau kuwa tana da ɗaki cikin jikin kusan kowane babba.

10. Gaskiya ta tabbata

Likita Hope-Simpson bai ga ƙwayar cikin ƙullin jijiya da idonsa ba. Ƙidaya da tunani ne suka kai shi. Sai a 1983 Donald Gilden da abokan aikinsa, a Amurka, suka samu alamar ƙwayar cikin ƙullin jijiyoyin mutane. A 1984 Stephen Straus da abokansa suka gwada ƙwayar da aka ɗiba wurin wani mara lafiya lokacin da ya yi ƙarambau, da wadda aka ɗiba daga baya lokacin da ya yi zona. Suka tarar ita ce dai.

Magunguna ma sun samu. A 1974 Michiaki Takahashi, a ƙasar Japan, ya fito da allurar rigakafin ƙarambau. A 1977 Gertrude Elion da abokan aikinta suka ba da bayanin wani magani mai suna asiklobir, mai hana ƙwayar hayayyafa. A 2006 aka soma yi wa tsofaffi allurar rigakafin zona a Amurka, a 2017 kuma aka samu wata wadda ta fi ta ƙarfi. Aikin allurar shi ne ta ta da garkuwa daga gyangyaɗi, kamar yadda likitan ya faɗa. Ƙasashen Afirka da yawa ba su sa waɗannan allurai cikin na kullum ba tukuna. Kuma har yau ba a samu maganin da ke fid da ƙwayar daga maɓoyarta ba.

Shi kuwa likitan ya bar duba marasa lafiya a 1976, amma bai bar bincike ba. Ya juya ga babbar mura mai zuwa lokacin sanyi, ya buga littafi a kanta a 1992, yana da shekara 84. Ya rasu a 2003.

11. Dangin ƙarambau

Ƙwayar ƙarambau tana da dangi. Masana suna kiran gidansu herpes, kuma aƙalla iri 8 ne ke kama mutum. Dukansu suna da wannan hali na ɓuya. Ɗaya kun san ta: ƴan ƙurajen nan da ke fitowa a leɓe bayan masassara. Ita ma cikin ƙullin jijiyar fuska take kwana. Masassara, ko zafin rana, ko gajiya sukan tashe ta, ta fito, ta koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 2 cikin 3 na ƴan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ita. Mai irin wannan ƙurji kada ya sumbaci jariri.

12. Me za mu yi?

In yaro ya yi ƙarambau, ya zauna gida har ƙurajen su bushe duka. A yanke masa farce, a yi masa wanka da ruwa mai tsabta da sabulu, a ba shi ruwan sha da yawa. Kada a ba shi asfirin, don yana iya ɓata masa hanta da ƙwaƙwalwa. In masassara ta yi tsanani, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙurajen suka yi mugunya, a kai shi asibiti.

In babba ya yi zona, ya je asibiti da wuri. Magani ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko. In ƙurajen suna goshi, ko hanci, ko kusa da ido, kada a kwana, don ido yana iya lalacewa. Kada a fasa ƙurajen, kada a yi musu tsaga, kada a shafa toka ko ƙasa. A rufe su da tufa mai tsabta.

Mai ƙarambau da mai zona su nisanci jarirai, da masu ciki waɗanda ba su taɓa yin ƙarambau ba, da masu doguwar jinya.

Ba tsufa kaɗai ke raunana garkuwa ba. Ciwon daji, da wasu magunguna masu ƙarfi, da sida, wato ƙanjamau, duk suna yin haka. A shekarun 1980 likitoci a tsakiyar Afirka sun lura zona ya yawaita ga samari da ƴan mata masu ɗauke da ƙwayar sida. Saboda haka in matashi ya yi zona, likita yakan ba shi shawara a auna jininsa. Wannan ba ya nufin duk mai zona yana da sida. Kada ku zargi kowa, kada ku yi wa kowa dariya.

Mu riƙe

– Ƙwaya ɗaya ce ke kawo ƙarambau da zona.
– Bayan ƙarambau, ƙwayar takan ɓuya cikin ƙullin jijiya har ƙarshen rai.
– In garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta farka ta zama zona.
– Ba a ɗaukar zona wurin wani. Amma mai zona yana iya sa wa wanda bai taɓa yi ba ƙarambau.
– Likita Hope-Simpson ya gano haka da lura, da rubutu, da ƙidaya, da haƙuri.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

ƙarambau : la varicelle
agana : la variole
ƙyanda : la rougeole
hangum : les oreillons
jijiya mai kai saƙo : le nerf
ƙullin jijiya : le ganglion
laka : la moelle épinière
garkuwar jiki : l'immunité
tsibiri : une île

Tambayoyi

1. Ta yaya ƙwayar ƙarambau ta yi kama da garwashi cikin toka?
2. Ku faɗi bambanci biyu tsakanin ƙarambau da zona.
3. Me likitan ƙauye yake da shi wanda likitan birni ba shi da shi?
4. Don me Likita Hope-Simpson ya tafi tsibirin Yell?
5. Wane abu ya nuna masa cewa ba ɗaukar zona ake yi ba?
6. Don me zona ke tsayawa gefe guda?
7. Don me aka iya gamawa da agana, ba a gama da ƙarambau ba?
8. Maƙwabcinku ya yi zona a goshi, ya ce sai ranar kasuwa zai je asibiti. Me za ku gaya masa?

Lissafi

1. An haifi likitan a 1908, ya rasu a 2003 bayan ranar haihuwarsa ta zagayo. Shekara nawa ya yi a duniya?
2. Ya ga zona sau 192 cikin shekara 16. Sau nawa ke nan a kowace shekara, in an raba daidai?
3. Shekara nawa aka yi tsakanin bayaninsa na 1965 da binciken Gilden na 1983?

Aiki

Ku tambayi manya uku a gidanku ko unguwarku, cikin ladabi: kun taɓa yin ƙarambau? Kuna da shekara nawa a lokacin? Kun taɓa yin zona? A wane gefe ya fito? Me ake ce wa wannan ciwo da Hausa, da Tamajak, da Tasawak, da Fillanci? Kada ku rubuta sunan kowa. Ku rubuta shekarunsa kawai, da mace ce ko namiji. Mako mai zuwa kowa ya kawo nasa, malam ya haɗa su a allo, mu ƙidaya mu ga abin da ajinmu ya samu.